Salula da shirin BAC: a karɓe ko a bar musu? Daga zauren iyaye da tsoffin ɗalibai na Tahoua

Maman Fati, Bilbis: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina kwananku, ya zafi? Damuwa ce ta kawo ni, ku gafarce ni in na tsawaita. Ɗiyata tana Terminale D bana, ajin ƙarshe na lise ɓangaren kimiyya. Bara babanta ya aiko mata salula daga Abijan, ya ce ta karatu ce. Wallahi ba na zarginta da wasa, don in na leƙa ɗakinta sha biyun dare bidiyon lissafi nake tarar da ita tana kallo, wani Bature yana ta rubutu a allo. Kowane sati sai na tsakuri jika guda cikin kuɗin cefane na sa mata forfe. To jiya anka ba su takardun jarrabawar gwaji: lissafi 6 bisa 20, fizik 7. Ta shigo ta aje jaka, ko tuwo ba ta taɓa ba. Ni ban wuce CM2 ba, ban san abin da ke cikin wayar ga ba. BAC kuma, jarrabawar gama lise, ya matso. In karɓe ta ko in bar mata?

Alhaji Baban Sani: Wa alaikumus salam Hajiya. Karɓe ki kulle a akwati sai bayan jarrabawa, ba sai an yi dogon zance ba. Mu da munka yi lakwal, mutum biyar muke haɗuwa kan littafi guda, in dare ya yi mu fita ƙarƙashin fitilar titi da allo da alli. Cikinmu akwai likita yau, akwai injiniya. Nawa yaron na karɓe tashi tun watan Janairu, ya yi fushin kwana uku ya huce. Abin da ke ɗauke hankalin babba mai gemu, ina ga yarinya ƴar sha takwas?

Issa, ɗalibin Jami'ar Djibo Hamani: Baba Alhaji, da girmamawa nake magana, amma zamaninku kowane aji yana da malaminsa tun Oktoba. Ni a lisen da na yi can wajen garinmu, sai bayan hutun Disamba munka samu malamin fizik. Da ba don salula ba da ban ga yadda ake aikin pendule ba har ranar jarrabawa. Littafin tsoffin suje, wato tambayoyin jarrabawa, da korije nasu, wato amsoshinsu, ban da kuɗin sayensa, a waya na same shi, aboki ya tura mini ta Xender ba tare da ko mega ɗaya ba. In an karɓe wa yarinyar ga waya yanzu, an karɓe mata laburarenta kenan.

Mushe Abdu, malamin lissafi: Kafin kowa ya yanke hukunci ina da tambaya guda. Maman Fati, lokacin da kike leƙawa kina tarar da ita tana kallon bidiyon, a zaune take ko a kwance? Akwai kaye da bik a gabanta?

Maman Fati, Bilbis: A kwance take bisa katifa, Mushe, abin ji a kunne. Kayen yana cikin jaka.

Mushe Abdu, malamin lissafi: To ga ciwon nan, Hajiya, kuma ba ɗiyarki kaɗai ba, rabin ajina haka suke. Shekara goma sha huɗu ina riƙe da alli, ban taɓa ganin zamanin da yara ke cewa "na gane" da yawa kamar yanzu ba, kuma ban taɓa ganin farar takarda da yawa wajen gyara ba. Mai bidiyon ya iya aikinsa, yana warware étude de fonction layi bi layi, komi ya tafi sumul, yaro yana gyaɗa kai. Abin da ya samu shi ne jin daɗin bin bayani. Gani kuwa ba ci ba. Ranar jarrabawa ba wanda zai rubuta maka layin farko, kuma layin farkon nan shi ne dukkan wahalar lissafi.

Na gwada a aji wata ranar Talata. Na warware wani aiki na logarithme a allo, na tambaya, kowa ya ce ya gane. Na goge allon tas, na ce su sake shi ɗin dai a kaye, ko lamba ban canza ba. Cikin yara sama da sittin, waɗanda sunka kai ƙarshe ba su cika yatsun hannu biyu ba. Wata yarinya a bencin gaba ta rubuta f(x) ta tsaya tana juya bik, idonta ya cika da hawaye, ta ce "Mushe wallahi ɗazu na gane." Na yarda da ita, gaskiya ta faɗa.

Masana sun daɗe da auna wannan. A 2006 wasu masu bincike biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu sunka yi ta maimaita karatu, wasu sunka rufe takarda sunka rubuta abin da suke tunawa. Da anka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Da anka gwada bayan sati guda, masu rufe takarda sun wuce su nesa. BAC kuwa ba bayan minti biyar ake yinsa ba.

Don haka ni ban ce a karɓe ba. Na ce ta tashi zaune. Mai bidiyo ya rubuta tambaya, ta tsayar da shi, ta kife wayar, ta yi fama da ita a kaye ko da minti goma ne, ko da ba ta fita ba. Sannan ta kunna ta ga inda ta kauce. Bidiyo biyu haka sun fi ashirin a kwance.

Alhaji Baban Sani: Mushe, ai maganata ka dawo. In kaye da bik ne maganin, mi ya kawo waya?

Mushe Abdu, malamin lissafi: Alhaji, wayar tana maye gurbin abokin nan naku na ƙarƙashin fitila wanda ya fi kowa ganewa, wanda kuke juyawa ku tambaya in kun cije. Ba kowane yaro ke da irinsa a unguwa ba, kuma ɗiya mace ba ta fita titi sha ɗayan dare.

Dakta Hadiza, Yamai: Ni har yanzu ɗaliba ce a sashen likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni, ƴan zaure ne sunka laƙaba mini Dakta. Inna Maman Fati, ki karanta wa ƙanwata wannan. Akwai manhajar da ake kira AnkiDroid, kyauta ce a wayoyin Android, kuma ba ta buƙatar rezo bayan an sauke ta. Kati ne kake yi da kanka, gaba tambaya, baya amsa. Misali gaba ki rubuta "dérivée ta ln(x)", baya ki rubuta 1/x. Ta nuna miki tambaya, ki faɗi amsa da bakinki kafin ki juya, sannan ki gaya mata ko ya yi sauƙi ko ya ba ki wuya. Wanda ya ba ki wuya zai dawo yau ko gobe, wanda kinka iya sai bayan kwanaki, daga nan sati, daga nan wata. Tushen abin tsoho ne: tun 1885 wani Bajamushe, Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, kuma kowane bita da anka yi da tazara yana rage mata gudu.

Da ita nake riƙe sunayen jijiyoyi da ƙasusuwa. Ga ƴan série D ta fi amfani a SVT, wato darasin kimiyyar halittu da ƙasa, matakan méiose, dokokin Mendel, da formil na fizik da shimi, da kwanakin tarihi. Amma gargaɗi biyu. Kada ta sauke katunan wasu, ta rubuta nata daga kayen malaminta, don rubutawar rabin karatun ce. Kuma ba ta koya wa mutum warware problème, wannan sai hanyar Mushe.

Sahabi mai caji, bakin tasha: Duk wannan magana mai kyau ce ga wanda wayarsa ke da wuta. Ni ke karɓar wayoyi caji, na san abin da nake gani. Watan Afrilu da Mayu, lokacin da yara sunka fi buƙatar karatu, lokacin ne zafi ke wuce 40, kuran yana zuwa yana tafiya, batir yana kumbura. Yaro ya kawo waya da dala goma a hannu, ya zauna bisa benci yana jiran ta kai kashi talatin ya tafi. Ku tuna da 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta, har sai Maris na 2024 ta dawo. Tashar hasken rana ta Malbaza tana nan tun 2018, amma dare fa? Shawarata, abin da ya zama dole yaro ya san shi, ya kasance a takarda. Fotokopi ba ya mutuwa.

Issa, ɗalibin Jami'ar Djibo Hamani: Gaskiyarka Sahabi. Abin da muke yi mu rage ɓarna: bidiyo a sauke shi da forfen dare, a zaɓi 360p maimakon 720p, rubutun allo yana karantuwa kuma ba ya cin rabin megan. Mutum guda ya sauke, saura su karɓa ta Xender ko katin memuwar. GeoGebra tana zana courbe ba tare da intanet ba, in ka gama naka zanen a kaye sai ka duba ko ya yi daidai. Khan Academy tana da darussa da Faransanci kuma kyauta ne. Akwai Kiwix da ke aje Wikipedia cikin waya, cikakkiyar ta yi wa yawancin wayoyinmu nauyi, amma akwai ƙananan kundaye na fanni guda. Inna, jikar nan ta kowane sati za ta iya komawa ta sati biyu ko uku in an tsara.

Madam Zeinabou, malamar tarihi da labarin ƙasa: Ku bar ni in shigo da abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, manhajojin nan da ake tambaya su ba da amsa kamar mutum. Watan jiya na ba ƴan 3e aikin gida kan samun ƴancin kai. Takardu huɗu sunka zo mini da jimla iri ɗaya, Faransanci mai santsi da ban taɓa ji a bakinsu ba, kuma duka huɗun sun ce ƙasarmu ta samu ƴanci ran 1 ga Oktoba 1960. Na Najeriya ne wannan. Namu 3 ga Agusta 1960 ne, ranar da kowane ɗayansu ya taɓa fita dashen itace. Jamhuriya kuma 18 ga Disamba 1958. Na kira yaron da na fi yarda da shi, na ce ka san ranar ko ba ka sani ba? Ya ce ya sani. To mi ya sa ka rubuta wancan? Ya ce ya ɗauka na'ura ta fi shi sani. Wannan amsa ta hana ni barci. Kuskuren kwanan wata ana gyara shi da jan bik, amma yaron da ya daina yarda da abin da ke cikin kansa, da mi zan gyara shi?

Irin waɗannan manhajoji an ciyar da su rubutun duniya ne, kuma abin da anka rubuta game da mu kaɗan ne. Tambaye su yaƙin duniya na biyu, za su yi ƙoƙari. Tambaye su Sarauniya Mangu da yaƙin Lugu na 1899, ko tawayen Kaosen a Agadas a 1916 da 1917, ko mayar da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, sai ka bi amsar da ido biyu, domin murya ɗaya suke faɗin daidai da kuskure, ba sa inda-inda.

Issa, ɗalibin Jami'ar Djibo Hamani: Madam, ni ina amfani da su amma ta wata fuska. Ba na cewa ba ni amsa. Ina kwafa mata darasin malamina in ce yi mini tambaya goma daga ciki, ɗaya bayan ɗaya, kada ki ba ni amsa sai na amsa. Sai ta zama ita ke yi mini jarrabawa.

Madam Zeinabou, malamar tarihi da labarin ƙasa: Wannan na yarda da shi, Issa, da sharaɗin kayen yana buɗe a gefe, shi ne alƙali in an samu saɓani. Amma kai ɗan jami'a ne, ka ci wuyar da ta koya maka haka. Ɗan shekara goma sha biyar da aikin gida biyar a gabansa, gajeriyar hanya zai bi.

Mushe Abdu, malamin lissafi: Haka masu ɗaukar hoton lissafi su warware, irin Photomath. In ka gama aikinka ka duba da ita, ta yi maka amfani. In da ita ka fara, hannunka ne kawai ya yi aiki. Sai kuma wani abu da iyaye ba su sani ba: yawancin bidiyon Faransanci da ke YouTube an yi su ne don tsarin karatun Faransa. Su kuwa sun soke séries nasu na S da ES da L, tun BAC ɗin 2021 ba su da su. Mu muna nan da A da C da D. Bayanin malamansu yana da kyau, irin su Yvan Monka ni kaina ina tura wa yara, amma jerin darussan da yadda ake gina tambaya ba ɗaya ba ne. Yaro zai iya kashe sati kan abin da ba ya cikin namu tsari, ya bar nombres complexes da ke jiransa. Ma'auni shi ne tsoffin suje na BAC ɗin Nijar. A ɗauki guda, a duba lokacin da anka rubuta a samansa, a sa agogo, a aje waya a wani ɗaki, a yi shi kamar ranar ce.

Maman Ibro, Wadata: Tunda an zo maganar suje, ku ji abin da ya same mu bara don kada ya sami wani. Saura kwana huɗu BEPC, jarrabawar gama koleji, anka sa ɗana cikin wani gurup, wai akwai mai "suje na gaskiya", a tura jika biyar. Yaron ya sayar da tantabarunsa biyu-biyu ya cika da kuɗin da kawunsa ya ba shi, ban sani ba. Anka turo masa hoto dishi-dishi, ya kwana uku yana haddar korije, ya bar bitarsa. Ranar jarrabawa ko tambaya ɗaya ba ta fito ba, lambar kuma a kashe. Ya faɗi, bana yana maimaita aji. Abin da ya fi ƙona mini rai, da ya ci gaba da bitar da yake yi, malaminsa ya ce yana kan iyaka, zai iya hayewa.

Alhaji Baban Sani: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Kun gani ko? Ta ƙofar da karatu ke shigowa, ta nan ɓarawo ke shigowa. Kuma a ja musu kunne, wanda anka kama da salula a ɗakin jarrabawa, shekararsa ta tafi ko da bai buɗe ta ba.

Ɗan Keita: Ina ta karanta ku tun safe. Ni abin da ke damuna daban ne. Ƙannena biyu suna koleji a ƙauye, gidanmu waya ɗaya ce, ƴar ƙarama mai maɓalli, tana aljihun tsoho. Sai an hau tudu ake samun rezo. Amma suje guda za a ba su da ɗan Yamai mai wifi a gida. Duk lokacin da malami ya ce "na tura a gurup", akwai yaran da ya rufe wa ƙofa bai sani ba. Roƙona ga malaman zauren ga, abin da kunka tura a waya ku rubuta shi a allo kuma.

Sannan tambaya: tun da kundin Refondation na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, mi ya hana malamanmu su riƙa yin bayani da Hausa a murya, ko minti biyar-biyar? Saƙon murya ba ya cin mega kamar bidiyo, har a katin memuwar ana sa shi a ƙaramar waya. Sau da yawa ba lissafin ne ke kayar da yaro ba, Faransancin tambayar ne.

Mushe Abdu, malamin lissafi: Ɗan Keita, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. A aji in na ga idanu sun yi fari, nakan juya in faɗa da Hausa, nan take sai ka ga kawuna sun ɗago. Amma takardar jarrabawa da Faransanci za ta zo, don haka bayanin da Hausa, kalmomin aikin kuma a bar su yadda za su gan su: "déduire", "démontrer", "justifier". Yara da yawa ba su san cewa in an ce "en déduire" ana nufin ka yi amfani da amsar da ka samu a sama ba, sai su sake sabon aiki lokaci ya ƙare. Zan gwada saƙon muryar, in fara da waɗannan kalmomin. Na allo kuma na karɓi gyara, ina cikin masu wannan laifi.

Maman Fati, Bilbis: Baba Alhaji, Mushe, Madam, yayyena, ina wuninku. Fati ce, Mama ta ba ni wayarta ta ce in karanta duka in amsa da kaina. Abin da Mushe ya faɗa haka ne. In ina kallo komi a fili yake, in anka aje mini takarda sai kaina ya yi fayau. Na ɗauka ni ce ba ni da ƙwaƙwalwar lissafi, shi ya sa nake ƙara yawan bidiyon, har ƙarfe biyu wani lokaci, da safe kuma ina gyangyaɗi a aji. Akwai kuma abin da Mama ba ta sani ba: gurup ɗin ajinmu uku ne, saƙo yana faɗowa a saman bidiyon, in na ce bari in duba ɗaya sai in ga rabin awa ta wuce. Ɗazu bayan la'asar na gwada, na sa wayar a mode avion, na ɗauki aikin suites na jarrabawar gwajin da na ci sifili a kai. Na yi minti arba'in. Tambaya biyun farko sun fita, ta ukun ta ƙi. Don Allah kada a karɓe, amma na yarda Mama ta riƙa amsarta ƙarfe goma na dare.

Dakta Hadiza, Yamai: Ƙanwata, barcin nan kada ki raina shi, cikinsa ne abin da kinka koya da rana ke zama. Kuma 6 a gwaji ba hukunci ba ne, ni 8 na samu a fizik a namu gwajin. Yau da dare zan kira Inna in nuna miki yadda ake yin katunan.

Alhaji Baban Sani: Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka da kinka faɗi gaskiya gaban manya. Ni dai ta Sani tana akwati, ban canza ba, kowa ya san ɗansa. Amma zauren gidana yana da sola da allo, ba abin da ake yi da shi bayan la'asar. In Mushe zai samu lokaci, a turo yaran, mata su zo da rana su koma kafin magariba.

Mushe Abdu, malamin lissafi: Na karɓa, Alhaji, Allah ya saka. Asabar ƙarfe huɗu. Issa, ka zo da tsoffin sujen da ke wayarka a tura wa masu waya, a kai guda fotokopi saboda marasa ita. Ɗan Keita, ka ba ni sunan direban da zan ba kwafin ƙannenka a tasha. Fati, tambaya ta ukun nan kada ki nemi korijenta, kada ki goge abin da kinka rubuta ko da kin ga shirme ne. Ki zo mini da kayen yadda yake, ina son in ga layin da kinka tsaya.